Benen Magunan Inna

Inna ta zo gidanmu a Birnin Kudu wata ranar Asabar bayan la'asar, a bayan motar kasuwa mai ɗauko hatsi daga Gwaram. Ni na je na taho da ita. Kayanta ba su da yawa: tabarma biyu, ƙullin tufafi, wani tsohon turmi da ya tsage amma ta ƙi yarda a bar shi, buhun kayan aikin Baba, sai kwando guda da aka rufe bakinsa da zane aka ɗaure da igiya. A cikin kwandon akwai mage uku. Tun daga Zandam suke kuka har muka iso, mutanen cikin mota suna ta dariya, ita kuwa ta rungume kwandon a cinya ba ta kalli kowa ba.

Lokacin Baba ya shekara biyu da rasuwa. Masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, da wuya ka shiga gida daga garinmu har Fagam ba ka tarar da aikin hannunsa ba. Haihuwa bakwai Inna ta yi masa, ni kaɗai na rayu, kuma ni ce ta fari, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini. In ta ji daɗina ta ce "'yar nan". Da aka raba gado, rabona da nata na gona babu mai nomawa, sai Baffa, ƙanen Baba, ya ce zai riƙa nomawa yana ba ta abin da ya samu. Shekarun fari ne, abin da ake samun bai isa komai ba. Ana cikin haka ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce, ta koma tafiya da sanda. Maigidana ne da kansa ya ce a ɗauko ta.

Sau uku ina zuwa tana ƙi. Ta ce ita ba za ta tare a gidan suruki ba, ko me zai faru. Sai da damina ta cinye rabin bangon ɗakinta, ta wayi gari ruwa ya jiƙa mata shimfiɗa ba ta iya ja da kanta ba, sannan ta yi shiru da na sake tayar da maganar. Shirun nan na ɗauka a matsayin yarda.

Malam, maigidana, malamin gona ne. Shekarun nan ne kuɗin mai ya fara shigowa, ma'aikata suna sayen babur da rediyo mai kaset, shi ma aka ba shi gida a kwatas. Gidan siminti ne, ɗaki biyu da falo, da famfo da lantarki. Tsakar gidan ma siminti aka malala, babu itace ko ɗaya, ko zogale. A bayan kicin akwai wani ɗan sito mai taga guda can sama kusa da kwano, an buga mata raga. Na gyara wa Inna ɗaki na biyu, na sa mata gado da labule. Ta leƙa, ta ga ƙofarsa tana kallon ƙofar Malam, ta juya da sandarta ta nufi siton. Babu yadda ban yi da ita ba. Ƙarshe muka kinkimo gadon ƙarfen muka kai mata can.

In Malam yana gida ba ta fitowa. Da safe zai tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofarta ya ce, "Inna, an tashi lafiya?"

Daga ciki ta ce, "Lafiya lau. Allah ya yi albarka."

Iyakar abin da ke tsakaninsu ke nan, kuma ba don rashin ƙauna ba. Ranar Asabar da Lahadi, da ba ya zuwa ofis, sai ta yini a ciki, ko alwala sai na leƙa na ce mata ya fita masallaci.

Magunan kuwa ba ruwansu da surukuta. Uwar ja ce mai yagaggen kunne, ta daɗe a hannun Inna, tun Baba yana da rai. Sai 'ya'yanta biyu da suka riga suka girma, namiji baƙi mai farin wuya, da mace toka-toka. A Zandam aikinsu tsaron rumbu, a kansa suke kwana, su haye danga, su haye tsamiyar da ke tsakar gida. A kwatas babu rumbu babu ɓera. Kwana biyu suka gano hanyar katanga.

Maƙwabcinmu na dama shi ne shugaban su Malam a ofis, wani Alhaji. Ya sayo 'yan tsakin kajin turawa ya yi musu keji a bayan gidansa, yana ji da su ƙwarai. Sati bai cika ba aka fara nemansu ana rasawa. Matarsa ta aiko mini da magana, na ba da haƙuri. Shi kuma ya tare Malam a ofis a gaban mutane ya faɗa masa abin da ya faɗa. Bayan kwana goma, da hantsi, toka-tokar ta shigo tana jan ƙafafun baya, kumfa na fita a bakinta. Inna ta ɗora ta a cinya, ta ce in kawo manja. Muka buɗe bakin muka ɗura, muka ɗura nono, duk ya dawo. Ta yi ta shure-shure a kan zanen Inna har ta miƙe. Babu wanda ya ga wanda ya zuba maganin, babu kuma wanda ya tambaya.

Da Malam ya dawo na faɗa masa, ya daɗe yana kallon kwanon abincinsa. Sannan ya ce, "Ki gaya wa Inna, ko dai a mayar da sauran ƙauye, ko a kulle su. Mutumin nan ni ba ni da bakin yi masa magana."

Na je na faɗa mata kamar yadda ya ce.

Ta ce, "Wa zai riƙe su a can?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "Ja ƙofar."

Tun daga ranar ƙofar siton ba ta ƙara zama a buɗe ba. Na samo kasko na zuba yashi na ajiye musu a lungu, kullum da safe in zubar in sake sabo. In zan shiga sai na tare ƙasan ƙofar da ƙafa. Baƙin ya haukace. Ya yage gidan sauro, ya kakkarce ƙofa har fenti ya tashi, ya riƙa daka tsalle yana neman tagar yana sulalowa a jikin bango. Uwar ba ta yi ko ɗaya ba. Ta shige ƙarƙashin gado ta kwanta, in an tura mata abinci ta shinshina ta kau da kai. Cikin sati biyu ƙasusuwan bayanta suka fito.

Na ce wa Inna ko in sayo mata kifi.

Ta ce, "Ba yunwa ba ce. Ke a gida yaushe kika taɓa ganin ta a ƙasa in ba ci za ta yi ba? Tana kan rumbu, ko tana kan tsamiya." Ta ɗaga kai tana kallon tagar. Can ta ce, "Ina buhun ubanki?"

Buhun yana ƙarƙashin gadona, ban taɓa kwance shi ba. Na zazzage a tsakar gida. Gizago biyu, babba da ƙarami, gatari, kurfi na fafe itace, da ƙarfen huji wanda Baba yake sa wa a wuta. Duk sun yi tsatsa. Ƙotar ƙaramin gizagon ta lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama. Ni Baba bai koya mini sassaƙa ba, ba a ba 'ya mace gizago. Abin da na sani shi ne abin da idona ya ɗauka ina wucewa. Na yini ina wasa su a dutse, hannuna ya yi kanta.

Akwai wani dattijo mai kawo mana itacen girki a kan jaki. Na ce ya samo mini gwafar itacen marke, wadda ta fi tsawon mutum, mai reshe uku.

Ya ce, "Rumfa za a kafa?"

Na ce, "Eh, rumfa."

Ya kawo ta ran Talata, ɗanya, mai nauyi. Ni kaɗai na ja ta har cikin siton. Sai a nan na tuna daɓen siminti ne, ba a haƙa rami. Inna ta nuna tsagaggen turminta da sanda. Na sassaƙe gindin gwafar har ya shiga bakin turmin, na cusa duwatsu a gefe, na kwaɓa laka na cike. Muka bar shi kwana biyu ya sha iska. Da na ga ya tsaya sai na ji wani irin alfahari, na tafi na ɗora girki ina 'yar waƙata. Ban kai ga tankaɗe ba na ji rugum. Baƙin ne ya yi tsalle ya kama reshen sama, gwafa da turmi suka kife a kan tulun Inna, ya fashe, ruwa ya malale ɗakin. Saura kaɗan ya same ta a ƙafa.

Ina tsane ruwan ina hawaye. Ta ce, "Gindin ne bai yi nauyi ba. Sake."

Karo na biyu na ɗaure turmin da igiya a ƙafar gadon ƙarfe, sama kuma na hau kujera na ɗaure kan gwafar a jikin katakon rufi, da yake siton ba shi da silin. Na rungume ta na girgiza da ƙarfina, ba ta motsa ba.

Saura wurin zama. Na aika kanti aka karɓo mini akwatunan katako da ake kawo sabulu a ciki. Ba ni da zarto, sai na riƙa ɓalle su da kurfi, in zare ƙusoshin in miƙar da su a kan dutse ɗaya bayan ɗaya. Katakon na tsagewa inda ban so ba. Ranar da nake fafe mazaunin katako na farko a jikin reshe, gizagon ya zame ya sauka a babban yatsana na hagu, ya raba farcen biyu. Inna ta barbaɗa garin bagaruwa ta naɗe da tsumma. Farcen har yau bai sake fitowa daidai ba.

Ita ma ta sami aiki. Marke in an ɓare shi santsi gare shi, farcen mage ba ya kamawa sosai, sai ta ce a sayo mata rama. Ta zauna ta miƙe ƙafar da ba ta ciwo tana tufka igiya a kan cinya, ni kuma ina naɗawa a jikin gwafar daga ƙasa zuwa sama, zagaye bayan zagaye, ina matsewa. Tana tufka tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba, waɗanda suka mutu tun kafin a haife ni. Tun zuwanta ban ji ta yi magana mai tsawon haka ba. Ta tufka igiyar da ta ninka abin da nake bukata, ban ce ta daina ba.

Duk wannan da rana muke yi, in Malam ya tafi ofis. Amma kwatas ba a ɓoye ƙarar guduma. Wata rana mata uku suka shigo wai gaishe da Inna. Suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe, ina tare ƙasan ƙofar da ƙafa. Ɗaya ta ce, "Ashe da gaske ne, bene ake gina wa mage." Suka tuntsire da dariya. Wata ta ce, "To ai dole, in mutum bai sami na goyo ba..." Ba ta ƙarasa ba, ta kama bakinta. Shekarata tara da aure a lokacin, ɓari biyu, babu ɗa a raye. Na kawo musu ruwa suka sha, na raka su ƙofa. Da na dawo Inna ba ta ɗago kai ba, tufkarta kawai take yi.

Magana ta kai ofis. Malam ya dawo wata rana bai taɓa abinci ba, ya ce, "Kin san abin da ake kira na yanzu? Mijin kafinta."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Malam."

Ya ce, "Gidan gwamnati ne. Kada ki buga ƙusa ko ɗaya a bango."

Na ce ban buga ba. Ya jira sai da ya dawo daga masallaci Inna tana wanka, sannan ya ce in nuna masa. Ya tsaya a tsakiyar siton yana kallo, ya kama gwafar ya jijjiga, ya danna katakon farko da tafin hannu. Ya ce, "Wannan zai karye." Ya fita. Washegari da na shiga kicin na tarar da ƙullin ƙusa sabbi da ɗan ƙaramin zarto a kan taga. Na san Malam ne ya ajiye su.

Da zarton nan aikin ya yi sauri. Na yi hawa uku, kowane a kan reshensa, na farko daidai ƙugu, na biyu daidai kafaɗa, na uku ya fi kaina. Daga na ukun na ɗora guntun azara ya tafi har bakin tagar, na ɗaure shi tamau. A cikin gwafar can sama na zaunar da kwandon da aka kawo su a ciki, Inna ta ba da tsohon ɗankwalinta na shimfiɗa. Ba kyau gare shi ba. Katakan wani ya fi wani tsawo, ga rubutun sabulu a jiki, ga ƙusoshi sun lanƙwashe. Amma ya tsaya.

Baƙin ya haye tun ban sauko daga kujera ba. Uwar, wadda don ita aka yi, ta ƙi ko kallonsa. Kwana shida tana ƙarƙashin gado. Inna ta sa na ɗora kan busasshen kifi a kowane hawa, baƙin ya bi ya cinye. Na fara cewa a raina wahalar banza na sha. Ran na bakwai, da hantsi, ina zubar da yashin kasko sai na ji Inna tana kira, "Ke! Ke!" a hankali. Na shiga. Jar ta fito, tana tsaye a gindin turmin, ta miƙe ta kafa farce a igiya tana ja. Sai ta ɗage ta hau na farko. Ta zauna ta lashe hannu. Ta hau na biyu, ta hau na uku, ta bi azarar a hankali har bakin taga, ta zauna ta naɗe wutsiya, rana ta haske mata fuska.

Inna ta yi dariya har ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, "Me take gani?"

Na jawo kujera na hau na leƙa ta gefenta. Na ce, "Kwanon gidaje. Da wayar lantarki, tsuntsaye sun jeru a kai. Can baya ga duwatsu. Ga manyan motoci a hanyar Kano."

"Akwai shanu?"

"Babu."

"Gero fa?"

"Daga nan ba a hangowa."

Ta ce, "To me take kallo haka?" Amma da fara'a ta faɗa.

Wata biyun da suka biyo baya su ne masu daɗi, kuma su ke nan. Jar ta koma cin abinci. Inna takan kwanta tana kallon su suna bin juna a kan azara, tana yi musu faɗa kamar yara. Ni kuma hannuna ya buɗe. Na sa aka kawo gwafa ta biyu, na kafa ta a ɗaya lungun cikin tsohuwar garwa da na cika da duwatsu, na haɗa su da katako. Na rataye gashin zabo da zare suna dukansa. Na rataye ƙwarya da igiya uku don su riƙa lilo, wannan ko sau ɗaya ba su shiga ba. Ɗakin ya ƙara matsewa, Inna a ƙarƙashin katako take salla, wari kuma duk turaren wutar da nake sawa bai hana shi ba. Amma ina son aikin. Gaskiya ita ce a gidan nan komai an riga an yi shi, ruwa a famfo, wuta a bango, ni dai in dafa in wanke in jira. Wannan ne kaɗai abin da na fara da hannuna na ga ya tsaya.

Sai lokacin baƙin na neman mace ya zo. Ya riƙa wani irin kuka mai kama da na jariri, yana fitsari a jikin komai, ya daina ci. Yini yake a bakin tagar yana tura kai. Ban kawo komai a raina ba. Wata safiya na shiga da koko na ga ragar ta ɓalle daga kusurwa, an tura ta waje, ga baƙin gashi ya maƙale a bakin wayar. Inna tana zaune a gado ta zuba wa wurin ido. Ta ce tana gani ya fice, ta yi kira, ba ta iya tashi da sauri ba.

Kwana uku ina aikawa a duba. Ran na huɗu mai kwasar shara ya yi sallama ya ce akwai mushen mage a kwata, bayan gidan Alhaji, baƙi mai farin wuya, ya kumbura. Na ce ya binne mini shi.

Da na faɗa wa Inna, ta ce, "Da ba mu ɗaga shi ba, da bai kai tagar ba."

"Mu" ta ce. Amma ni na ɗora azarar, ni na auna ta har bakin ragar, ina jin daɗin yadda ta zauna daidai. Na ɗauko katako na buga a jikin katakon tagar, na rufe inda ya yage. Abin da ya rage na haske bai fi faɗin tafin hannu ba. Jar ta ci gaba da hawa, tana kara ido ɗaya a wurin.

Bayan kaka Inna ta ce, "Ki kai ni gida. Ni da ita."

Na ce sai na je na ga yadda wurin yake. Malam ya sa ni a mota. Na isa Zandam da azahar. Ɗakin Inna ya zube gaba ɗaya, Baffa ya kewaye wurin da ƙaya ya ɗaure awaki. Rumbun babu shi. Tsamiyar ma babu, sai kututture, wai masu motar itace daga birni suka saya. Matar Baffa ta kawo mini fura tana cewa, "Ai Yaya ta huta, gidan lantarki da famfo." Da na kawo maganar dawowarta Baffa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "'Yata, in ta dawo wa zai ɗaga ta wa zai kwantar? Mu ma kin ga yadda muke. Yaran duk sun tafi Kano." Ban ga laifinsa ba. Na tsaya a kan kututturen na ɗan jima, na kama hanya.

Da na dawo Inna ta ce, "Ya mutanen gida?"

Na ce, "Suna gaishe ki. Sun ce a bari su gyara ɗakin tukuna."

Ta ce, "Tsamiyar ta yi 'ya'ya bana?"

Na ce, "Ta yi."

Ta ce, "Ba ki kawo mini ba."

Ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta daɗe tana duba na. Sannan ta juya ta fuskanci bango. Ba ta sake tayar da maganar gida ba, ba ta kuma sake taɓa rama ba. Sauran igiyar da ta tufka tana nan a naɗe a ƙarƙashin gado.

Jar ma tsufa ya kama ta. Wata rana ta yi tsalle daga hawa na farko zuwa na biyu ta kuskure, ta faɗo ta bayanta, ta tashi tana ɗingishi. Na yanka katako na ƙara wani hawa a tsakani. Da na ga na farkon ma yana ba ta wuya na ƙara wani a ƙasansa, sannan na jingina dogon katako a kwance-kwance, na naɗe shi da igiya don ta riƙa takawa ba sai ta yi tsalle ba. Ta bi shi sau biyu ko uku. Daga baya a hawan ƙasa take yini, wanda bai fi taƙi ɗaya daga daɓe ba. Ni kuwa ban daina ba. Kullum da abin da zan gyara, in cire wannan in mayar can, in sake ƙusa, alhali babu mai hawa. Ina ganin tsoron zama shiru a ɗakin nake yi. Wata rana ina tsaka da bugu Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Bar bugun nan haka. Kaina."

Na tattara kayan na mayar buhu.

Ƙafafunta suka fara kumbura. Muka kai ta asibiti a motar wani abokin Malam, tana lulluɓe har ka don kada su haɗa ido da Malam, aka ba ta ƙwayoyi, muka dawo. Abinci ya koma cokali biyu, ya koma ruwan koko. Ta rasu cikin bazara, tsakanin azahar da la'asar, Malam yana ofis. Ni kaɗai ce a wurin, sai jar a kan katakonta.

Matan da suka zo yi mata wanka suka tsaya a bakin ƙofa. Babbar cikinsu ta ce babu wurin juyawa, sai an fitar da itatuwan nan. Na ɗauko gatari. Abin da na yi wata da watanni ina haɗawa bai ɗauke ni lokacin tafasar ruwa ba wajen rushewa. Aka jibge a bayan kicin. Ran sadakar uku itace ya ƙare, wata ta tambaye ni ko a yi amfani da waɗannan. Na ce a yi. Marken ya bushe sarai, ya ci wuta da kyau, da shi aka tuƙa tuwon.

Daga nan na bar ƙofar siton a buɗe. Na ce ko Alhaji ko waninsa, abin da zai faru ya faru. Jar ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta leƙa tsakar gida, ta koma ƙarƙashin gado.

Wata biyar bayan haka aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa Gwaram. Da ya kawo takardar ya karanta mini sai Inna ta faɗo mini a rai, ga Zandam nan kusa. Gidan da muka samu a can na ƙasa ne, da faffaɗar tsakar gida, da darbejiya babba a tsakiya, da rumbun mai gidan a gefe, babu mai kajin turawa ko kusa. Ranar da muka sauka na ɗauki jar na kai ta gindin darbejiyar na ajiye. Ta lafe, cikinta a ƙasa, kunnuwa a kwance, tana rawar jiki. Kaza ta gifta ta firgita. Da jan ciki ta koma ɗaki ta shige ƙarƙashin gadona. Na sake gwadawa washegari, da jibi, duk ɗaya. Sai na ƙyale ta, na mayar mata da kaskon yashi.

Wata biyu ta yi a wurin. Wata safiya na tura mata nono da tsintsiya na ji jikinta ya sandare. Malam ya riga ya sa kayan aiki, amma ya naɗe hannun riga ya ari fartanya ya haƙa rami a bayan gida. Na naɗe ta a tsumma na miƙa masa. Da ya gama mayar da ƙasa ya wanke hannu a buta, ya ce, "Ko a samo miki wata? Na ga mai gidan nan tasa ta haihu."

Na ce, "A'a, Malam."

Ya ce, "To." Ya tayar da babur ya tafi aiki. Ni kuma na janye gadon na share ƙarƙashinsa.